Wa Zai Amsa Bashin Kulle?



Ranar Litinin 29 ga Mayu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka bayan shekara takwas, Bola Ahmed Tinubu ya sha rantsuwa a Abuja. A ranar dai, a nan Gusau, Dauda Lawal ya gaji Bello Matawalle. Kowa ya ga yadda shafuka suka cika. A lokacin wasu na ta ɗinkin anko, wasu na jera sunayen waɗanda suke ganin za a ba minista ko kwamishina, wasu kuma ba su gama zagin juna a kan zaɓen Fabrairu da na Maris ba.

Mu dai yau wata magana ce ta kawo mu, kuma mun san ba kowa za ta yi wa daɗi ba, har a cikin namu. Akwai bashin da talakan Zamfara yake bin gwamnati tun daga kullen korona na 2020, bashin karatun 'ya'yansa da na jarinsa. In muka bari ba mu kai takardar wannan bashi ba, to ya bi ruwa kenan. Wanda ya fita zai ce ai na miƙa, wanda ya shigo ya ce ai ban tarar ba.

Bari mu tuna wa juna, don mantuwa ta yi mana yawa.

A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da korona a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas. Kafin wata guda ya cika, gwamnonin Arewa maso Yamma sun zauna a Kaduna sun yanke cewa a rufe makarantu daga Litinin 23 ga Maris. Kwana talatin aka ce. Kwana talatin ɗin nan shi ya koma sama da wata shida ga yawancin yaranmu. 'Yan ajin ƙarshe ne kawai aka dawo da su a farkon Agusta, suka shiga jarabawar WAEC ranar 17 ga watan, bayan sun kwashe wata huɗu da 'yan kai a gida. Aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. Aka kafa dokar hana fita daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe. Aka kwashi almajirai a motoci ana maida su jihohinsu na asali. Direban da ke lodin Funtua da Zariya daga tashar Gusau ya jingine mota. Mai shayi da mai tsire, waɗanda dare ne kasuwarsu, suka kashe wuta tun kafin a yi lisha a wasu unguwanni. Malamin makarantar kuɗi da na Islamiyya, wanda albashinsa daga kuɗin wata na ɗalibai yake fitowa, ya wayi gari babu ɗalibi babu albashi.

Ba mu cikin masu cewa korona ƙarya ce. Cutar ta kashe mutane, a lissafin hukuma kaɗai sama da 3,000 a faɗin ƙasar nan. Ta ɗauki Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu 2020. Duk mai ɗan uwa a Kano ya san irin jana'izar da aka yi a watan Afrilun nan. Gwamnatin da ta ga haka ta ce a rufe, ba za mu ce ta yi hauka ba. Abin da muke cewa shi ne, rufewa minti biyar ce a gidan rediyo, amma gyaran ɓarnar da rufewar ta bari ba a ɗora shi a wuyan kowa ba.

Kuma mu a Zamfara kullenmu bai tsaya a korona ba. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan matan makarantar Jangebe, su 279 aka sako bayan kwana huɗu, aka rufe makarantun kwana. Ranar 1 ga Satumba 2021 aka ɗebi ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun firamare da sakandare na jihar baki ɗaya, sai cikin Janairun 2022 aka fara buɗe wasu. A daidai wannan lokaci aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana safarar dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka, aka katse layukan waya. Wa ya manta lokacin da mutumin Gusau zai hau mota ya ratsa Tsafe ya tafi Funtua don kawai ya kira ɗansa ko ya tura wa abokin cinikinsa kuɗi? An yi wannan ne don matsalar 'yan bindiga, kuma da yawanmu mun goyi baya a lokacin, don an kai mu bango. Amma darasin da gwamnati ta koya a 2020 shi ta maimaita: a rufe, a ce jama'a su yi haƙuri, sauran kuma Allah ya kyauta.

Sannan a farkon 2023 aka zo da na uku, wanda ba a kira shi kulle ba amma ya kulle aljihun kowa. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka shiga banki, sababbin suka ƙi fitowa. Mai kaji biyu a kasuwar ƙauye ba shi da asusu balle a yi masa tiransifa. Ya kai har jiharmu da Kaduna da Kogi suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, kotun ta yanke ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo har ƙarshen Disamba. Kafin hukuncin ya iso kasuwa, wani jarin ya riga ya mutu.

Yanzu ku yi wannan lissafi da mu. Yaron da aka sa aji ɗaya na firamare a Satumbar 2019, a Nahuce ko Kwatarkwashi ko 'Yandoto, a Mayun 2023 ya kamata a ce yana aji huɗu. A cikin shekarun nan an rufe masa makaranta sama da wata shida saboda korona, an ƙara masa kusan wata huɗu a ƙarshen 2021. Wata goma kenan, ya fi zangon karatu uku na shekara guda. Aka buɗe, aka ciyar da shi gaba kamar ba abin da ya faru. Ku kira shi yau, ku ba shi littafin Hausa na aji biyu ku ce ya karanta. Ku gwada da 'ya'yanku na cikin gida kafin ku ce muna zuzuta magana. Wannan fa wanda ya koma kenan. Akwai wanda kulle ya kai shi wurin haƙar zinare, akwai wanda ya kama acaɓa, akwai yarinyar da aka ɗaura wa aure tana aji biyu na ƙaramar sakandare don iyaye sun gaji da jiran ranar buɗewa. Yayyensu na Jami'ar Tarayya ta Gusau su kuma yajin aikin ASUU ya cinye musu wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Kuma a 2022 hukumar WAEC da bakinta ta ce makarantun gwamnati na Zamfara da Sakkwato ba su gabatar da ɗalibai a jarabawar ba.

Wa ya ƙirga waɗannan yara? Nawa ne suka fita ba su dawo ba a Magami, a Wanke, a Bilbis, a 'Yankuzo? Rumfa nawa ce a kasuwar Tsafe da ta Bungudu da Tudun Wada aka rufe tun 2020 mai ita bai sake buɗewa ba? Abin da ba a ƙirga ba, ba ya shiga kasafin kuɗi. Wannan ita ce gaskiyar yadda gwamnati ke aiki, ko ta wace jam'iyya ce.

Wani zai ce, to me ya haɗa wannan da miƙa mulki? Ga abin da ya haɗa su. Mutumin da ya shugabanci kwamitin shugaban ƙasa na yaƙi da korona, wanda muka riƙa gani kullum a talabijin yana karanta dokoki, shi ne Boss Mustapha, sakataren gwamnatin tarayya na lokacin. Kuma shi ɗin ne dai ya shugabanci kwamitin miƙa mulki da aka ƙaddamar a Fabrairun 2023. Ke nan takardun kulle da takardun miƙa mulki ta hannu ɗaya suka bi. A cikin irin waɗannan takardu ne kowace ma'aikata ke rubuta abin da ta karɓa, abin da ta kashe, bashin da ake bin ta da aikin da ta bari. Haka ake yi a Abuja, haka ake yi a Gusau. Gab da miƙa mulki ake rubuta su. Abin da ya shiga ciki sabuwar gwamnati ta gaje shi, abin da bai shiga ba ya zama tatsuniya. Ga shi kuma ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama annobar gaggawa ta duniya. Duniya na shirin naɗe tabarmar zancen. In ba mu yi magana yanzu ba, gobe za a ce mana ai wannan tsohon labari ne.

Mu Zamfarawa mun fi kowa sanin illar miƙa mulki cikin gaggawa. A 2019, saura kwana biyar a yi rantsuwa, ranar 24 ga Mayu, Kotun Ƙoli ta rushe nasarar jam'iyyar APC a jihar saboda rikicin zaɓen fidda gwani, mulki ya koma hannun da bai shirya karɓa a wannan makon ba. Wata goma bayan haka korona ta iso. A 2023 ba mu da wannan uzuri. Tun Maris aka san wanda ya ci, akwai lokacin tambaya da lokacin amsa.

Kuma kada wani ya ce ba a ware kuɗi ba. An ware. Gwamnatin tarayya ta fito da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 a 2020. A ciki akwai asusun naira biliyan 75 na ceto ƙananan sana'o'i, wanda aka ce zai biya albashin ma'aikatan ƙananan kamfanoni har da malaman makarantun kuɗi, ya kuma ba masu sana'ar hannu da direbobi naira 30,000 kowanne. Babban Banki ya buɗe rancen korona na naira biliyan 50 ta bankin NIRSAL. Aka yi shirin ɗaukar mutum 774,000 aiki na wata uku a kan naira 20,000 a wata, mutum dubu daga kowace ƙaramar hukuma. Zamfara na da ƙananan hukumomi 14, rabonta 14,000 kenan, Gusau da Tsafe da Bungudu 3,000. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 na shirin NG-CARES don jihohi su tallafa wa talaka da manomi da ɗan kasuwa. Ga kayan abincin da 'yan kasuwa suka tara a ƙarƙashin CACOVID, waɗanda a Oktoban 2020 aka ga jama'a na fasa rumbunansu a garuruwa irin su Legas da Jos.

Ba mu ce wane ya ci ba, don ba mu da takarda a hannu. Takardar muke nema. Nawa ya iso Zamfara? Sunayen wa aka rubuta? Mai rumfa nawa a Bungudu ya ga alat? Kuma a nan ne za mu gaya wa kanmu gaskiya. Duk wanda ya yi siyasa a mazaɓa ya san yadda ake raba fom idan ya zo. Shugaban mazaɓa ya ɗauki nasa, na matasa ya ɗauki nasa, shugabar mata ta ɗauki nata, a cike da sunan ƙanne da surukai. Babu jam'iyyar da ta tsira daga wannan, babu ɓangaren da zai ɗaga hannu ya ce shi tsarkakakke ne. In muna son a ji tambayarmu, sai mun yarda a buɗe littafin ko da sunan namu zai fito a ciki.

To me muke kira a yi? Abu huɗu, kuma babu wanda ke buƙatar izinin wani babba.

Na farko, ƙidaya. Muna da wakilan akwati a kowace rumfar zaɓe, mutanen da suka san gida-gida, suka san wa ya yi rajista wa bai yi ba. Wanda ya iya ƙirga ƙuri'a har tsakar dare da fitilar waya zai iya ƙirga yara. A kowace mazaɓa a samu mutum biyar, a ciki lallai da mace biyu, don su ne ke shiga cikin gidaje. Su je wurin hedimasta da kwamitin iyaye na makarantar, cikin ladabi, a duba rajistar zangon da ya gabaci Maris 2020 a gwada da ta yau. A rubuta adadin waɗanda suka ɓace da dalili. A kasuwa a zauna da sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi, na 'yan hatsi, mahauta, teloli, direbobi, a rubuta rumfunan da suka mutu. Gargaɗi ɗaya: kada wanda ya ɗora sunan yaro ko hoton makarantar ƙauye a Facebook. Kun san halin da muke ciki, ba mu kaɗai ke karanta shafukan nan ba. Adadi kawai za a fitar, sunaye su tsaya a hannun kwamiti. Inda hanya ba ta da lafiya kuma kada a tura kowa, a nemi mutanen garin da ke zaune a Gusau ko Tsafe su ba da bayani.

Na biyu, tambaya a rubuce. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya ya nemi bayani, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. Lauyoyinmu da ke cikin wannan tafiya, ga aikinku. A rubuta wa ma'aikatun da suka riƙe waɗannan shirye-shirye a nemi rabon Zamfara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. A nan gida kuma a nemi gwamnati mai fita da mai shiga su bayyana wa jama'a sashen ilimi da na kasuwanci na takardar miƙa mulki, har da bashin WAEC da NECO, ko nawa ne. Mai fita in ya yi aiki, wannan ce shaidarsa. Mai shiga in yana son kada a ɗora masa laifin wani, wannan ce garkuwarsa.

Na uku, doka. Lokacin korona, da dokar killace masu cuta ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari, shugaban ƙasa ya kafa hujjar kulle. Wannan tsohuwar doka ba ta san makarantar kuɗi ba, ba ta san mai POS ba. A watan Yunin 2023 sababbin majalisu suka zauna. Majalisar dokokin jiharmu mutum 24 ce, kowannensu mun san gidansu. Muna so a yi dokar da za ta ce duk gwamnan da zai rufe makaranta ko kasuwa, saboda cuta ko saboda tsaro, sai ya faɗi dalili a rubuce, ya sa ranar da za a sake dubawa, ya koma gaban majalisa in zai ƙara wa'adi, ya kuma faɗi yadda za a rama wa ɗalibi darasinsa da abin da za a sassauta wa ɗan kasuwa na haraji da kuɗin rumfa. Wannan buƙata mu kai ta ga sanatan Zamfara ta Tsakiya, da 'yan majalisar wakilai na Gusau da Tsafe, da na Bungudu da Maru, don a gyara ta tarayya ma.

Na huɗu, ramuwar karatu. Hutun ƙarshen shekara na tafe. A buɗe azuzuwan koyon karatu da lissafi ga 'yan aji uku zuwa shida a cikin garuruwan da ke da tsaro, a ɗauki masu takardar NCE da ke zaune ba aiki, a biya su. Yarinyar da aka aurar a buɗe mata ajin matan aure. Kafin gwamnati ta motsa, mu fara da zaurukanmu. Wanda ya iya hayar kujera ɗari uku da lasifika don gangami, allo da alli ba za su gagare shi ba.

Mun san abin da za a ce. Wani zai ce ai tsaro ne matsalarmu, ku bar zancen makaranta. Wallahi mun sani, babu gidan da bai ɗanɗana ba. Amma ku tambayi kanku daga ina dajin ke samun sababbin yara. Yaron da makaranta ta sallama, kasuwa ta kasa riƙewa, wa ke jiran sa? Wani zai ce kada ku kunyata gwamnatinmu. Wani kuma zai ce ku bari su faɗi, ai ba tamu ba ce. Su biyun amsarsu ɗaya. A 29 ga Mayu 2023 jam'iyya ɗaya ce ta hau a Abuja, wata daban a Gusau, ko ta ina ka tsaya akwai naka a kan kujera, akwai kuma wanda ba naka ba. In muka tambayi ɗaya muka ƙyale ɗaya, jama'a za su gane siyasa ce kawai, su watsar da mu, kuma sun yi daidai. Ga shi kasafin 2023 bai tanadi kuɗin tallafin man fetur ba sai zuwa Yuni, kuma Tinubu ya faɗa tun a kamfe cewa zai cire. Wata girgizar ce ga ɗan kasuwar da bai gama miƙewa ba. Tun ran gini ake zane.

A yi wannan aiki ba zagi, ba tare hanya, ba ɗauko yara da gora. Takarda za a rubuta, dattawa da malamai da mata da 'yan kasuwa su sa hannu, a kai ofis, a buga mata hatimin karɓa, a riƙe kwafi. Sojojin baka na shafukan nan, ga inda za ku kashe datarku. Maimakon hoton ubangida da kirari safe da yamma, ku ɗora hoton takardar da aka karɓa da kwanan watan da aka karɓe ta.  Za mu dawo nan mu jera wanda ya amsa da wanda ya yi shiru, namu da wanda ba namu ba.

Duk mazaɓar da ta kafa kwamitinta na mutum biyar, ta sanar da mu ta akwatin saƙon wannan shafi. A tura wa shugaban mazaɓa wannan rubutu, a karanta wa wanda ba ya karatu, a kai shi majalisar shayi da zauren mai unguwa.

Allah ya ba jiharmu da ƙasarmu lafiya da zaman lafiya, ya ba masu mulki ikon sauke nauyi, ya jiƙan waɗanda muka rasa. Amin.